Ɓangaren da Na Zaɓa

Ranar Laraba ce, kwana arba'in da ɗaya da rasuwar Baba, ina aji biyar a firamare, Baffa Sule ya zo har makaranta ya fito da ni. Ƙanin Baba ne, gona ɗaya suke nomawa tun mutuwar kakanmu, a bakin kanal, magudanar ruwan noman rani, ta wajen Bunkure. Muna isa gonar na tarar da liman da mai unguwa da wasu dattawa biyu riƙe da igiya. Sai an fitar da rabon Baffa, aka ce, kafin a raba mana na Baba, ni da ƙannena mata uku da Inna. Ita Inna tana takaba, ko zaure ba ta leƙawa.

Na san gonar nan sarai, amma sanin yaro. Can ƙarshenta akwai mangwaro, nan nake rataye jakar makaranta in yini ina kaɗa gwangwani ina korar tsuntsaye daga shinkafa, nan muke langa da abokaina, mu gasa ɗanyar masara, mu ruga kanal mu yi wanka har idanunmu su yi ja. Aka ja igiya, aka raba gona biyu daidai wa daida. Sai Baffa ya dafa kaina, murya a sanyaye, ya ce, “Maraya shi ke fara zaɓa. Wanne kake so, ɗana?” Na nuna wajen mangwaro. Wallahi har murna nake yi! Dattawan nan, manoma ne fa dukansu, kowa ya sunkuyar da kai, aka shafa fatiha.

Da na gaya wa Inna tana tankaɗe, sai ta ajiye rariyar. “Ruwa ta ina yake shigowa?” ta tambaye ni. A lokacin na gane. Ƙofar ruwa tana ɓangaren Baffa, sai ya ƙoshi ragowar ta gangaro mana. A ranin nan shinkafarmu ta bushe tana tsaye. Da Inna ta fita takaba ta je wajen mai unguwa, ya ce da shaidu aka yi, kuma yaro da bakinsa ya zaɓa. Ta yi maganar alƙali, dangi suka taso mata: za ta kai ƙanin mijinta ƙara? Bayan shekara uku muka sayar da namu, Baffa ne ya saya. Ƙannena suka koma tsinkar tumatir a gonakin mutane.

Yanzu in an yi rasuwa a garinmu sai ka ga matar mamaci, tana cikin takabarta, ta bugo waya tana tambayar inda aka kafa iyaka, ba mai ce mata kanzil. Inna ba ta samu wannan ba. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa ce mini laifina ne ba, ko sau ɗaya. Da ma dukana ta yi ranar, da na huta.