Matar da Ta Hana a Kulle Baba Isyaku

Da hantsi ya fara ɗagawa a Kabara, za ka ga wata dattijuwa ta ɓullo daga lungu da jaka a kafaɗa, tana ɗan ɗingishi, tana amsa gaisuwa ba tare da ta tsaya ba. Hajiya Fanna Bukar ke nan, tsohuwar nas, shugabar wata 'yar ƙungiya ta maza da mata masu shiga gida-gida a cikin birni suna jinyar tsofaffi da waɗanda ciwo ya kwantar. An ce tana da ofis, amma ni dai ban san wanda ya taɓa samun ta a ciki ba. Ba ta gaya wa ma'aikatanta gidan da za ta leƙa yau. Sai dai su ji sallama, ta gaida mara lafiya, ta ɗaga mayafi ta duba gadon baya da dunduniya, ko fata ta fara saɓulewa saboda kwanciya. In ta ga gyara, ba ta yi wa ma'aikaci faɗa a gaban masu gida, sai sun fito zaure. A can kuwa ba ta raga wa kowa.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, gwiwa ta matsa mata. Shi ya sa na kasa yin shiru da abin da idona ya gani.

Maƙwabcina a Dukawuya, Baba Isyaku, baduku ne da ya tsufa a kan ɗinkin gafaka da kube. Tsufa ya taɓa masa tunani. Ya manta sunayen 'ya'yansa, amma bai manta da safe ake fita aiki ba. Kullum sai ya kafa hula ya nufi rumfarsa, wadda aka daɗe da rushewa. Wata rana ya fita shiru, sai bayan la'asar wani mai adaidaita ya tsince shi a Ƙofar Ɗan Agundi, ba takalmi, ƙafa tana jini. Babban ɗansa, Alhaji Ɗalha, ya sayo kwaɗo ya kulle ɗakin, ya miƙa makullin ga Mubarak, ma'aikacin Hajiya da ke kula da tsohon. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Amma ta katanga na riƙa jin Baba yana buga ƙofa, yana roƙo a buɗe masa ya makara.

Mubarak ya kira shugabarsa. Ina zauren gidan Baba lokacin da ta iso.

"Alhaji," in ji ta, "yarana ba sa riƙe makullin ɗan Adam."

"To Hajiya, in mota ta kaɗe shi fa? Wa zai ɗauki alhakin?"

"Ni. Ba Mubarak ba, ni. Ka ba ni 'yan kwanaki. In na gaza, da hannuna zan mayar maka da kwaɗon nan."

Ta buɗe ƙofar, ta jefa kwaɗon a jaka. Na ce a raina matar nan ta jawo wa kanta.

Washegari, da gwiwar nan tata, ta bi bayan Baba Isyaku har ta gane hanyar da ƙafarsa ta saba. Ta tsaya wurin mai shayi, ta tsaya wurin tela, ta durƙusa gaban mai ƙosai. Abu ɗaya take faɗa: "Wannan ubanku ne. In kun gan shi shi kaɗai, ku zaunar da shi, ku kira ni." Ta nemo Malam Yusuf, wanda ya koyi dukanci a hannun Baba, ta sa ya ba Baba gefen tabarma a shagonsa da guntayen fata. Don Mubarak ya samu damar raka shi kowace safiya, ta ɗauke masa ɗaya gidan da yake jinya, ta ɗora wa kanta. Shugaba guda, ta koma wanke bahon wanka.

Sai ga ranar da kowa ke gudu. Mubarak ya juya ya karɓo magani a kemis, ya waiwayo babu tsoho. Alhaji Ɗalha ya zo a fusace yana neman shaƙe Mubarak. Hajiya ta shiga tsakani, ta ce, "Ni na tsara, ni za ka yi wa faɗa." Bai gama faɗan ba wayarta ta yi ƙara. Telan ne. Baba yana zaune a shagonsa da kofin koko, yana kushe masa ɗinki. Alhaji Ɗalha ya jingina da bango ya rufe fuska da babbar riga. Mubarak kuwa ya sha nasa faɗan a zaure, amma da safe shi ne dai ya riƙo hannun Baba.

Hajiya Fanna, ke ce kika ɗauki laifin na ƙasa da ke a kanki, yabo kuma kika bar musu. Ke ce kika mayar da lungu guda masu jinya ba su ma ankara ba. 'Yar Bukar, garkuwar masu rauni, har yau in na tuna yadda kika jefa kwaɗon nan a jaka sai tsigar jikina ta tashi.

Mun gode. Allah Ya saka miki da alheri, Ya sa a riƙe ki yadda kika riƙe iyayen mutane. Malama Bahijja, mataimakiyarki da za ta karɓi ragamar, da duk wanda aka damƙa wa amanar tsoho ko ta ma'aikaci, ga abin koyi nan a unguwa, ba sai an je nesa ba.

Ɗazu Baba Isyaku ya wuce ƙofar gidana, Mubarak na gefensa. Na gaishe shi, ya ɗaga mini hannu bai tsaya ba. Ya ce in yi haƙuri, aiki na jiran sa.