Lambar Ƙarfen Da Ban Karɓa Ba a Philadelphia

Mun tashi da asuba daga Sedgefield, wata unguwa a gefen birnin Greensboro na Amurka, mu uku a mota: tsohuwar da nake aikin kula da ita, wadda nake kira Kaka, da 'yarta mai tuƙi, sai ni a baya rungume da jakar magunguna. Philadelphia muka nufa. Kaka 'yar asalin Ireland ce, tana da ƙane fada, wato limamin coci, a can, cikin 'yan zuhudun Katolika masu doguwar riga ruwan ƙasa da igiya a ƙugu, waɗanda ba sa aure, ba sa tara abin duniya. An ce jikinsa ya yi tsanani, ta ce sai ta gan shi da idonta.

Bari in gaya muku abin da ya sa na shiga motar nan a tsorace. Watan jiya yayana ya ɗauko ni daga aiki, muna kan titin Gate City Boulevard ya kauce hanya ya daki turken fitila. Allah ya tsare, ba wanda ya karye. Amma tun da na rufe ƙofar motar na ji warin abin da ya sha. An karɓe masa lasisi, magana tana kotu. Ni kuwa duk wanda ya tambaya, har Ummanmu da ke Zariya, sai in ce taya ce ta fashe. Tun ranar, ko birki aka taka sai in ƙanƙame kujera.

Hanyar Virginia shimfiɗe take kamar tabarma, itatuwa dama da hagu, ba rami ko ɗaya. Amma wallahi akwai kaɗaici. Ba mai talla, ba mai miƙo maka gyaɗa ko dafaffen ƙwai ta taga. Sai na tuna lokacin da Yaya ke mayar da ni makarantar kwana. In mota ta tsaya a Kwanar Dangora zai sauka ya sayo min rake, ya fere da kansa, yana cewa haƙoran Auta ba su yi ƙwari ba. Wannan yayan nake nema. Gida ɗaya muke kwana da shi a Greensboro, amma na daɗe ban gan shi ba.

A wurin shan mai na sayi ruwan gora ɗaya, kuɗin da a gida zai ishe ka ruwan leda na sati. Kusa da Washington muka faɗa go-silo, Kaka tana ta barci abinta, ni ina ta Hasbunallahu duk sanda tirela ta gifta.

Bayan la'asar muka isa. Gidan jan bulo ne tsoho, shiru kamar ba kowa. Muka tarar da Fada a kujera, an lulluɓe masa gwiwa da bargo, ƙafarsa cikin silifas ba safa duk sanyin nan. Shi da Kaka suka riƙe hannun juna, har sai da na kau da kai.

Abincinsu dankalin Turawa ne da kabeji, sai dai da naman alade aka dafa kabejin, don haka aka soya min ƙwai a kasko daban. Shayinsu kuwa baƙi ƙirin, ko mai shayin tasha albarka. Na ciro kilishin da na zo da shi na miƙa wa Fada. Ya ci, ya yi tari har da hawaye, ya ce a ba shi ƙari, wai rabon da ya ji yana raye haka an jima.

Muna shan shayin ya sa aka ɗauko masa wata 'yar lambar ƙarfe, duk ta dushe. Ya ce ta kakan kakansu ce. A zamanin da giya ta ci ƙarfin mutanensu, wani fada irinsu ya riƙa bin garuruwan Ireland da ƙafa da keken doki. Mutane su taru a fili, a kasuwa, su durƙusa gaban jama'a su ɗauki alkawarin barin giya, a ba kowa lamba ya rataya. Waɗanda suka yi hijira zuwa Amurka suka zo da al'adar, suka kafa ƙungiyoyi a unguwannin leburori.

Sai ya dubi hijabina ya yi murmushi. "Ku Musulmi kun huta, 'yata. Da alkawarin a wuya aka haife ku."

Ban san lokacin da kukan ya ƙwace min ba. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Yayana."

Ya ajiye kofinsa. Can ya ce, "Ki yafe wa tsoho, bakina ya riga hankalina. Wa ya sani bayan ke?"

Na ce ba kowa.

Kaka ce ta karɓa. Ta ce mahaifinsu ma mashayi ne, uwarsu ta yi shekaru tana gaya wa maƙwabta ciwon ƙirji ke kwantar da shi. Ranar da ya durƙusa a coci da lambar nan a hannu, gaban duk mutanen gari, sai ga shi kowa ya daɗe da sani, kunya ce ta hana su magana. Daga ranar, in an tashi aiki, maza biyu ke rako shi gida ta wata doguwar hanya da ba ta bi ta ƙofar mashaya. Ta ce ya sha faɗuwa ya koma wa giyar, su kuma ba su taɓa fasa zuwa ba.

Fada ya miƙo min lambar. Na ga gicciye a jiki, na ce ya yi haƙuri, addinina bai yarda in riƙe ta ba. Na ji tsoron ko ransa zai ɓaci, sai ya yi dariya. "Ƙarfe ne kawai. Aikin na idanun da suka ga an rataya ne."

Washegari da hantsi muka kamo hanya. Kaka ta yi ta kallon baya har gidan ya ɓace, ta san da wuya su sake ganin juna. Ni kuwa Umma kawai nake gani a raina.

Kafin magariba aka sauke ni a East Greensboro. Yaya na zaune kan matakalar gidanmu.

"Auta, ya hanya? Na yi ta kira ba kya ɗauka."

"Yaya, na gaji da cewa taya ce."

Ya sunkuyar da kai. "So kike hawan jinin Umma ya tashi? Da wane ido zan shiga masallaci?"

"Da wane ido za ka gaya mata in da na mutu ranar?"

Ya ɗauki jakata ya shige. Na kwana ina tunanin na rasa shi gaba ɗaya.

Ranar Juma'a bayan an idar da sallah ya tsaya, ya samu Malam, limaminmu, da abokansa biyu a harabar masallaci, ya faɗa da bakinsa cewa yana shan giya. Yanzu su ke ɗauko shi daga aiki, kuma ba ta titin shagon da ya saba sayen giya suke bi ba. Da ya gaya wa Umma, ta yi kuka a waya, ta yi ta sa masa albarka.

Abin da tafiyar nan ta koya min, rufin asiri abu ne mai kyau, amma wani rufin ɗaki ne da ake kulle mutum shi kaɗai da abin da ke cin sa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban sani ba ko zai riƙe, har yanzu in ya makara gabana faɗuwa yake, har yanzu ina tsoron birki. Ku sa mu a addu'a.

Kafin in saki rubutun nan na ba shi ya karanta, na ce in bai yarda ba in goge. Ya daɗe yana kallon wayar. Ya miƙo min ya ce, "Kar ki cire komai, bari su gani." Har ya kai ƙofa ya juyo. "Ashe kina tune da raken nan."