Tuwon Jar Shinkafa

Rumfar tuwonmu tana bakin tasha a Wurno tun kafin a haife ni. Kakata ce ta kafa ta, Inna ta gada, ni kuma aka aurar da ni unguwa ɗaya da tashar, saboda haka aure bai raba ni da muciya ba. Ba wata rumfar a zo a gani ba ce. Zana ce da 'yan bencina, sai randa da butoci a bakin ƙofa. Amma dillalan albasa da direbobi sukan wuce masu abinci da yawa su zo su zauna a gabanmu, saboda tuwon jar shinkafa.

Wanda bai ci shi ba zai ɗauka tuwon shinkafa duk ɗaya ne, kuma ba zan yi musu da shi ba, tausayinsa kawai nake ji. Jar shinkafa ta fadama ce. A busasshiyar ƙasa ake watsa ta farkon damina, in gulbi ya kawo ruwa ya malale fadama sai ta riƙa tashi tare da shi, ruwa na hawa tana hawa, har wani lokaci a cikin jirgi ake yankan ta. Tuwonta ja-ja ne, kalar sabuwar tukunya, yana da danƙo ba tare da an zuba masa gari ba, kuma ƙanshinsa kan riga mai talla isa bakin titi. Inna takan haɗa shi da miyar sure mai daddawa da busasshiyar tarwaɗa, ta ɗiga man shanu a kai. Wanda ya ci malmala biyu da hantsi ba ya sake tuna abinci sai magariba.

Inna doguwar mace ce mai kaifin baki. Ba ta magana in tana tuƙi, amma da ta ajiye muciya sai ta rama. In baƙo ya nemi cokali takan dube shi da tausayi ta tambaye shi mi ya sami hannunsa. Duk da haka ban taɓa ganin wanda ya tashi daga rumfar nan da yunwa ba, ko da kuwa ƙanzo ne za ta jiƙa masa.

Da aka yi dam a Goronyo, mu ma mun ga alherinsa, ba zan ɓoye ba. Noman rani ya bunƙasa, albasa da tafarnuwa suka cika tasha, masu cin tuwo suka ƙaru. Ƙanena ya sami fili a wurin noman ban-ruwa, ya yi aure, ya sa wa ɗakinsa kwano. Sai dai ruwan da ke malale fadama kowace shekara ya daina zuwa yadda aka saba. Manoma suka koma farar shinkafa, wadda ake dasawa a kai mata ruwa ta nuna cikin 'yan watanni. Tuwonta fari tas, gwanin kyau a ido, amma kafin la'asar ciki ya fara kuka. Inna ta sa masa suna tuwon marasa lafiya. Dole ta fara ɗora tukunya biyu, fara da ja, kuma kowace shekara tukunyar ja tana ƙanƙancewa.

A ƙarshe mutum ɗaya ya rage da ke kawo mana ita, Kawu, yayan Inna. Yana zaune a wani ƙauye can gefen Rabah, yana da wani kwari inda ruwan sama ke taruwa ya yi zurfi ko gulbi bai kawo ba. Shi ya raini Inna bayan rasuwar iyayensu, kuma a duniya shi kaɗai na san tana sassauta wa murya.

Wata kaka ya zo ba da buhu ba. Ɗan ƙunshi ne a tsumma, ya ajiye a gabanta ya zauna yana haki.

Ya ce, "Iyakatta ke nan. Ɗiyana sun sayo injin ban-ruwa, albasa za su sa wurin. Ni kuwa ƙahwa ta ƙiya. Kak ki dahwa ta, iri na."

Inna ta ce, "Mi za ni yi da iri, Yaya, ni da ba ni da gona?"

"Ki nemi mai gona."

Ta nema kuwa. Duk manomin da ya zauna cin tuwo sai ta ƙara masa kifi ta kawo maganar. Kowa ya yaba jar shinkafa, kowa ya tuna yadda kakarsa ke tuƙa ta, amma babu wanda ya ce kawo. Ba na ganin laifinsu. Shinkafar da ke cin damina guda ta ba da kaɗan ba ta da kasuwa wurin mai iyali.

Ƙanena ne ya ga Inna ta fara rama saboda ƙunshin tsumma, ya ce ta ba shi. Mutum ne mai zafin nama, kuma tun da ya fara noman ban-ruwa yake ganin ba abin da ya fi ƙarfinsa.

Ya ce, "Inna, ruwa na hannunmu yanzu. Ba sai mun jira gulbi ba. Kahin damina in kawo maki buhu."

Ya yi mata gata irin wanda ya iya. Bayan sanyi ya wuce ya yi rainon irin duka, bai rage ko ƙwaya ba, ya dasa layi-layi, ya zuba taki, ya ba ta ruwa a kan kari. Shinkafa ta yi kore shar, ta wuce ta maƙwabta tsawo, har mutane na tsayawa kallo. Maƙwabta suka ga tasu ta yi ciki, ta fid da kai, ta nuna, suka yanke suka kai kasuwa. Tamu tana nan tana tsawo. Da ta rasa ruwan da zai tallafe ta sai ta kwanta, ta zama shimfiɗar ciyawa. Masu shanu suka fara zuwa taya ta, suna son su saya wa dabbobinsu.

Ranar kasuwar Goronyo muka bar rumfa hannun matar ƙanena, ni da Inna muka je gani. Ƙanena na tsaye bakin fili ya kasa haɗa ido da ita. Wani dattijo mai gona kusa ya matso ya gaishe mu, ya dubi ciyawar ya girgiza kai.

Ya ce, "Wagga ai ba ta hidda kai sai kaka. Ko yaushe anka shibka ta, lokacinta taka jira."

Inna ta san haka. Duk mun san jar shinkafa da kaka take zuwa, tun muna yara muke ganin haka. Sai dai mun ɗauka ruwa ne ke tsai da ita, kuma tun da ruwa ya samu, ba wanda ya yi tunanin tana da wani abin jira.

Ƙanena ya ce zai yanke ya sa wani abu kafin damina ta yi nisa. Inna ba ta yi masa faɗa ba, kuma na fi son a ce ta yi. Ta tsuguna ta ɗaga wani kara da ya kwanta, ta share masa laka da bakin zanenta, ta ce, "Bar mani ita, ɗana. Shekara guda ta."

Ya bar ta. Wannan damina filinsa bai ba shi komai ba, sai ƙwadago ya yi a gonakin mutane, ga ba'ar abokai da suka sa masa suna mai noman harawa. Har yau in na tuna ina jin ƙaunarsa, don bai taɓa kawo ƙorafi rumfa ba. Yakan zo ya ci tuwonsa fari, ya ce wa Inna ciyawarta tana gaishe ta.

Mafi yawanta ta ruɓe a ƙasa. Amma da ruwa ya ɗauke, iska ta fara sanyi da safe, sai wasu karare a gefen da ya fi zurfi suka ɗaga kai suka fid da zangarniya. Ita kuma jar shinkafa ba ta riƙe 'ya'yanta, tana nuna take zubarwa, ga tsuntsaye. Ƙanena da matarsa suka bi ta da hannu suna tsinka. Abin da ya kawo bai cika ƙwarya ba, bai ma kai yawan wanda Kawu ya bayar ba. Inna ta karɓa da hannu biyu ta sa masa albarka har ya ji kunya. Ba ta tambaye shi ko zai sake shukawa ba, shi ma bai ce ba. Ta rataye ƙwaryar a ɗakinta, ta koma ƙara wa manoma kifi.

Ana haka aka aiko daga ƙauye cewa Kawu na kwance, ya daina cin abinci. An yi masa kunu, an yi fura, an yi tuwon farar shinkafa mai laushi, yana kau da kai.

Washegari da hantsi na shigo gidan Inna na ji ƙarar turmi. Na tarar da Inna ta juye ƙwaryar duka tana surfe. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga wahalar da ƙanena ya sha.

Na ce, "Inna, irin ne hwa. Ko rabi ki rage."

Ta ce, "Rabi ba ya tuwo." Ba ta ɗago ba.

A 'yar tukunyar ƙasa ta dafa shi, ta tuƙa da kanta, ta hana ni taɓa muciya. Malmala biyu ya bayar, ƙanana. Ta yi miyar sure, ta zaɓi tsokar kifi ta cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Muka rufe akushi da faifai, muka naɗe da zane, muka shiga motar Rabah tana rungume da shi a cinya. Duk hanya ƙanshin na tashi, har wata tsohuwa a bayanmu ta leƙo ta tambaya ko abin da take ji ne.

Mun sami Kawu a kan tabarma a inuwar zaure, ya zama ƙashi da fata. Inna ta zauna kusa da kansa ta buɗe akushi. Ya buɗe ido. Ya ce a tashe shi zaune, babban ɗansa ya tallafe shi ta baya. Aka wanke masa hannu, ya gutsura da kansa, ya daɗe yana juya lomar a baki. Ya ƙara ta biyu, ya ƙara ta uku. Matan gidan suka taru bakin ƙofa suna kallo.

Sai ya tsaya da hannu cikin akushi ya dubi Inna.

"Ina kinka samo ta?"

"Taka ta, Yaya."

"Irin?"

"Awo."

"Dut?"

"Dut."

Na ɗauka zai ture akushin. Inna ta sunkuyar da kai kamar yarinyar da ta fasa tulu, matar da duk tasha ke shakkar bakinta. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, na rasa ko na shinkafar ne ko na su biyun. Kawu ya dubi sauran malmalar, ya dubi ƙanwarsa, ya tura mata akushin kaɗan.

Ya ce, "Sa hannu mu ci. Ki ƙara mani miya."