Teku a Farantin Tuwo

Har na shiga jami'a ban taɓa ganin teku ba. Ruwan da na sani shi ne na kanal ɗin da ya ratsa bayan garinmu, tsakanin Kura da Bunkure, inda muka koyi iyo muka kuma sha duka saboda shi. To sai ga ni a ajin ilimin yanayi, wata malama 'yar siririya mai faɗan tsiya tana cewa sai mun fahimci teku kafin mu fahimci damina. Na ce a raina, ikon Allah, mu da ko kifin teku sai a gwangwani muke ganinsa.

Ita ma ta san da haka, shi ya sa ba ta cika mu da surutu ba. Ɗakin gwaji take kai mu. Ranar farko ta zuba ruwan gishiri da ta rina da zoɓo cikin kwanon gilashi mai ruwan famfo, muka ga jan ya nutse ya kwanta a ƙasa abinsa. Muka yi ta shewa kamar yara. Ta ce, "Ku rufe min baki, ku kalla!"

Wanda ya tsaya min a rai na farantai biyu ne, irin na tuwo. Ɗaya ta huda shi a gefe, ɗayan ta bar shi lafiyayye. Ta ajiye su ƙarƙashin fitila mai zafi, fanka na kaɗa su. Kullum sai ɗayanmu ya ƙara musu ruwa iri ɗaya, mai ɗan gishirin da ko a harshe ba ka ji. Da aka kwana biyu, mai hudar nan tas da shi. Wanda ba shi da huda kuwa ya yi fari fat, ɓawon gishiri ya kama bakinsa.

"Wannan ita ce tekun da ba ta da mafita," in ji malama. "Rana ta ɗauke ruwan ta bar gishirin. Duk ruwan da kuka ƙara, gishiri kuka ƙara."

Na san wannan farin. Shi ne ya fara cin gonar babana daga gindi, gonar da yake tumatir da rani, wadda ita kaɗai gare mu. A wajenmu cewa ake kanwa ta taso, maganinta kuma kowa ya sani: a ƙara ruwa ya wanke ta. Baba kuwa ba ya wasa da wannan. Da ya ga shuka ta yi yaushi sai ya buɗe ruwa har kwamin ya cika ya batse. Magudanar da ke kwashe ragowar ruwan daga gonakinmu kuwa ta daɗe da toshewa, ciyawar kachala ta cinye ta, ba wanda ya kula.

Da na koma gida na faɗa masa. Ya dube ni ya yi dariya.

"Kai, ɗan boko! Yau kuma ruwa ne yake ɓata gona? Da me ake wanke ƙazanta in ba ruwa ba?"

Haushi ya kama ni, wallahi, amma ba a musu da Baba. Sai na ari farantan Inna biyu, na huda ɗaya da ƙusa, na sha masifarta, na ajiye su a kan katanga inda rana ke duka. Na riƙa ɗebo ruwan da ke kwance a gindin gonar ina zubawa, Baba na kallo yana ce min mai tekun katanga. Da hutu ya ƙare na bar masa aikin, na ce don Allah ya ci gaba, ko don ya ƙaryata ni.

Da na dawo hutu na gaba na tarar da shi zaune da farantin da ba shi da huda a cinya, ya yi fari fat. Ya dangwala yatsa ya lasa, ya tofar.

"Zartsi," ya ce. "Ashe ni nake kashe ta. Ni da hannuna, ina cewa jinyarta nake."

Na so ace ni ne na yi kuskure. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a ranar ba.

"Za ta dawo?" ya tambaye ni.

Na ce sai an buɗe magudanar, ita kuma ta bi ta gonakin mutane da yawa, kowa sai ya yarda.

Ya bi su gida gida da farantinsa a hammata. Wasu suka saurara, wasu suka yi masa irin dariyar da ya yi min. Ba a buɗe magudanar a shekarar ba. Da lokacin dashen tumatir ya zo, maƙwabta suka sako ruwa, Baba ya ɗauki fartanya ya toshe bakin kwaminsa da laka, ya bar gonar a bushe. Na tsaya a bayansa, shi kuwa bai waiwayo ba.