Allon Gidan Biredi

Akwai wata safiya a gidan biredinmu na Gyadi-Gyadi da har in mutu ba za ta fita raina ba.

Na daɗe ina kwaɓi a wurin lokacin da Alhaji, mai gidan, ya ɗauki wani kurma aiki, ya haɗa mu tebur ɗaya. Mu da ihu muka saba aiki. Saboda shi Alhaji ya kafa allo a bango, ya ce daga yau duk wani saƙo a rubuta da alli. Na gyaɗa kai kamar kowa. Kurman ya yi makaranta. Ni kuwa, da furfurata, ko baƙi ɗaya ban sani ba, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kullum sai in ce idona ke ciwo, wani ya karanta mini.

Ran nan na rasa wanda zan tambaya, sai na auna komai yadda na saba. Ashe an rubuta cewa wata nas daga Darmanawa na son biredi marar suga, don masu ciwon suga. Allah ya sa ta ɗanɗana kafin ta raba. Ta dawo da shi tana faɗa.

"Dama na faɗa, Alhaji," in ji mai gasa mana biredi, "wanda ba ya ji, ina zai iya?"

Alhaji ya ce a nuna wa kurman ƙofa. Shi kuwa yana tsaye, hannu duk fulawa, yana bin bakin kowa da kallo, bai san aikinsa ake yankewa ba.

Na ce, "Alhaji, ni na auna. Shi yana karanta allon nan. Ni ne ban iya ba."

Sai mai gashin ya ce, "To, Baba, ashe kurame biyu gare mu!" Har Alhaji sai da ya dara. Ba a kori kowa ba.

Washegari na tarar abokin aikina ya zana cokali kusa da wata kalma a allon, ya soke shi, alamar kada a sa suga. Ya barbaɗa fulawa a tebur, ya kama yatsana muka rubuta "suga". Daga nan na shiga ajin yaƙi da jahilci a Tarauni.

Na gane cewa kowa da inda saƙo ba ya isa gare shi, kuma ɓoyewa ce ke cutar da wani. Allon da aka kafa don kurma, ni ya buɗe wa ido.