Alif a Ruwan Injin Jiratawa

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta ranar da gurup ɗin Jiratawa ya tsaya ba. Ku yaran da kuka shigo labo, ɗakin gwajin nan namu, kwanan nan, ku saurara, don abin bai wuce ya sake faruwa a hannunku ba.

Ranin da ya biyo bayan rikicin tazarce ne. Damina ba ta yi kyau ba, gero ya yi wuya, idon kowa na kan noman rani. Ni lokacin ina mataimakiyar labo a wani ƙaramin biro, wato ofis, na aikin ban ruwa a nan Maraɗi. Da wankin kwalabe na fara. Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin yaƙi da jahilci, daga baya aka yarda in riƙe sikeli.

Wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Famfunan da ke jawo ruwa daga rijiyoyin fadamar Jiratawa da lantarki suke aiki. In wuta ta ɗauke, kuma kullum sai ta ɗauke, sai a tada gurup, wato injin ba da wuta. Shi kuma yana da radiyata, inda ruwa ke zagayawa yana kwashe masa zafi. Namu ya tsufa. Rana na take tsaka sai ya ɗau zafi a kashe shi, masu layin ban ruwan azahar su koma gida da fushi.

Injiniya Laminu, wani saurayi da ya dawo daga karatu, shi ya zo da dabara. Akwai wani farin gari da ake samu daga alminiyan, laushinsa ya fi ƙarfin ido, ƙwayarsa ko madubin labo ɗinmu ba ya nuna ta. In aka zuba kaɗan a tataccen ruwa, aka kaɗa shi a na'ura har ya bi jikin ruwan bai kwanta ba, ruwan yana jan zafi fiye da da. Ni na auna, ni na kaɗa. Ya fito fari kamar ruwan tsarin gero. Muka gwada, ya yi.

Mai gadin gurup ɗin Baba Nomau ne, mutumin Tsibiri, a rumfar injin yake kwana. Ya fi sanin kukan injin nan da na jikokinsa. Ranar da muka je zubawa, an aike shi ofishin manoma, ya dawo mun rufe murfi. Direba na ta danna oda wai Direktan ofishinmu na jiran mota. Injiniya ya leƙo ta tagar mota ya ce wa Baba Nomau kada ya zubar da ruwan, kada ya ƙara wani. Baba Nomau ya ce to, ranka ya daɗe.

Injin ya yi ta aiki har azahar bai tsaya ba. Manoma suka yi ta sa albarka.

Shi kuwa dattijo, kowace safiya yana buɗe murfi ya duba, haka aka koya masa tun yana saurayi. Ya ga ruwa fari, gurɓatacce. Duk rayuwarsa an gaya masa ruwa mai dauɗa ke kashe inji. An hana shi zubarwa, an hana shi ƙari. Sai ya yi abin da kowace mace a fadamar nan ke yi wa ruwan gulbi: ya daka alif, dutsen nan da muke jefawa a randa laka ta kwanta, ya zuba. Ruwa ya washe tas. Farin garin nan namu ya dunƙule ya toshe ƙananan hanyoyin radiyata. Da rana injin ya ƙone.

Kayan gyara ba su zo ba sai da albasa ta kwanta, tumatir ya bushe a tsaye. Na ga magidanta suna tsugune bakin magudanar ruwa.

A taron da aka kira, ba wanda ya so jin zancen alif. Zamani ne da kowa ke wa kowa kallon ɗan wata jam'iyya. Wani cikin shugabannin manoma ya ce an san inda Nomau ya jefa ƙuri'arsa, zagon ƙasa ne. Direkta ya gyaɗa kai, don hakan ya fi masa sauƙi. Injiniya ya ce shi dai ya ba da umarni biyu. Na miƙe ba a ba ni dama ba.

"Duka biyun ya bi," na ce. "Wa ya gaya masa farin nan shi ne maganin?"

Direkta ya ce, "Madam Rabi, zauna. Ba a kira ki nan don lauya ba."

Na ce ai ba a kira ni ba ma sam, ni na kawo kaina. Aka yi 'yar dariya, aka kori Baba Nomau.

Bayan sallah na hau mota na je Tsibiri. Na same shi a zaure yana tufkar igiya, ya rame. Bai yi ƙorafi ba. Ya tambayi injin tukuna, kamar mai tambayar maras lafiya. Sannan ya ce, "Rabi, wai da gangan kuka gurɓata ruwan?"

Na ce da gangan, Baba.

Ya ce shi da ya ga ruwan ya washe har murna ya yi, yana cewa ya rufa wa yaron nan asiri kafin manya su gani. Bai kai damina ta biyu ba ya rasu.

Abin da na koya ke nan. A wannan aiki, mai gadi ba ya lalata inji don ƙiyayya, kula ce ke sa shi sa hannu. In kun canza abin da idonsa ya saba gani, hani kaɗai bai isa ba. Ku sauka daga mota, ku sa masa kwalbar a hannu, ku ce masa haka lafiyayyen yake. Direba ya yi ta odarsa.