Littafin Yaya Sale na Huɗu

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai yayana Sale makwancinsa a garinmu Ƙofa, Allah ya jiƙansa. Har yau in aka ambace shi a zauren gidanmu, sai wani ya girgiza kai ya ce mutumin kirki ne, sai dai ya zubar da aikin gwamnati saboda tatsuniya. Ni kam na gaji da jin wannan magana. Na daɗe ina haɗiye ta, har da ni aka yi ta a da, amma yau zan ba da amsa a gaban kowa.

Yaya Sale malamin dabbobi ne, mai yi wa shanu allurar rigakafin cutar bushiya. Daga Burumburum har gindin duwatsun Doguwa babu rugar da kekensa bai shiga ba. Aiki ne mai cin jiki. Kafin la'asar hannunsa ya yi tsami, ko fensir ba ya iya riƙewa. Amma duk wanda ya san Fulani ya san ba a samun shanunsu da sassafe. Sai sun je kiwon safe sun dawo da hantsi, an tatse su, sannan a koro su shingen allura. Sauran malamai gyangyaɗi suke yi a wannan jira. Shi kuwa sai ya ɗora tukunyar dafa allurai, ya jingina kekensa, ya buɗe littafi irin na 'yan makaranta a cinyarsa. A haka ya rubuta labarin Dije mai tallar nono, wadda aka sace wa saniya ɗaya tak da ta gada, ta bi sawunta ita kaɗai.

Rubutun nan ya so ya ja masa rigima tun farko. Mutanen Ardo Buba na wajen Doguwa suka ga ma'aikacin gwamnati yana kallonsu yana rubutu, suka ɗauka sunayen masu shiga gandun daji da shanu yake ɗauka. Kwana biyu ko ɗan maraƙi ba a kawo ba. Da ya gane, bai tsaya rantse-rantse ba, ya je ƙofar bukkar Ardo ya karanta masa shafi uku. Ardo ya tambaya ina ɓarayin suka bi da saniyar. Yaya ya rufe littafi ya ce sai an yi wa shanu allura. Washegari shinge bai ɗauke su ba.

To, a irin wannan zama ne shugabansa ya zo daga birni ya same shi, rana ta take, dattawa sun kewaye shi yana karanta musu labarin Dije. Bai tambayi shanu nawa aka yi wa allura ba. Gargaɗi kawai ya rubuta: ko littafin, ko aikin.

Aka kira taro a gida. Kawu Idi, wanda ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, ya ce tun muna yara aka gaya mana mai tatsuniya da rana ɓacewa yake yi, ballantana magidanci mai gemu da 'ya'ya uku. Ni ma na sa baki, na ce ya dubi iyalinsa. Yaya ya durƙusa har aka gama, kansa a ƙasa, sannan ya ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri. Daga lokacin da saniya ta tsaya gabana, ni na gwamnati ne. Amma jiran nan nawa ne, ban sayar wa kowa ba."

Kafin damina aka sallame shi. Ya koma gona, bai cika shekara ba sanƙarau ya ɗauke shi. Littattafansa huɗu suka dawo hannuna, ni kuma don kunya da haushi na cusa su saman azara na manta da su. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Ina ma Yaya zai leƙo ya ga yau. Ko'ina ajin yaƙi da jahilci, ni ma ina koyar da ɗaya a Ƙofa. Manoma da 'yan koli sun iya haɗa baƙi, sun karanta takardar maganin ƙwari har sun haddace ta, kullum suna tambayata ko babu wani abu mai daɗi. Irin mutanen da suka kore shi su ne yanzu ke yawo gari-gari suna cewa jama'a na bukatar abin karantawa. Na san dariya zai yi, irin tasa marar sauti, ya tambaye su ina suke lokacin da yake rubutawa a cinya.

Bara na sauko da littattafan na fara karanta wa ɗalibaina. Ajin da ba ya wuce tabarma biyu sai da muka aro ta uku. Muka cinye littafi uku, Dije ta kai bakin kogi, ta ga sawun saniyarta ya tsallaka. Na buɗe na huɗu, sai ƙasa ta zubo mini a cinya. Gara ta cinye shi, bango kawai ta bar mini. Wallahi ranar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa, domin a nan na san ni ne na ɓatar da shi, ba tatsuniya ba.

Na ari keke na nufi Doguwa, ba don ina sa rai ba. Kwana uku ina tambaya kafin na sami Ardo Buba, ya tsufa, ido ya yi rauni. Na gaishe shi, na faɗi ko ni wane ne da abin da ya kawo ni. Ya yi wa Yaya addu'a mai tsawo, sannan ya ce, "Malam, wane ƙarshen kake so? Da farko yayanka ya kashe saniyar a labarin. Muka ce ba mu yarda ba, ba a yi wa mace marainiya haka. Kwana biyu muna ja da shi kafin ya gyara."

Ya sa aka kira ƙannensa biyu. Suka zauna suna ba ni, wannan ya faɗa wancan ya gyara masa, har yadda Dije ta tsaya bayan garken ɓarayi ta kira saniyarta da sunan da uwarta ke kiranta, saniyar ta tsinke igiya ta fito. Har kalmomin Yaya na ji a bakinsu. Na rubuta duka ina zaune a ƙasa, littafi a cinya, shanu ba su dawo daga kiwo ba tukuna.

Ban ce iyalinsa ba su sha wahala ba. Ni na riƙe su, na sani. Amma a daina ce mini ya zubar da aiki a banza. Shanun da ya yi wa allura an yanka wasu, wasu sun mutu don tsufa. Shugaban nan ko sunansa babu mai tunawa a rugagen. Dije kuwa tana nan da ranta a bakin mutanen da ba su san ko baƙi ɗaya ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu na karanta littafi na huɗu da rana tsaka. Kawu Idi yana cikin zaure, bai fito ba, bai kuma ce a tashi ba. Da na zo inda Dije ta buɗe baki za ta kira saniyar, na tsaya in sha ruwa, sai na ji muryar Kawu daga ciki: "To, ta fito ko ba ta fito ba?"